Mai lalurar ji zai iya ƙarar kotun jiha a Amurka? Batun jerin masu ƙarar fitina

"Assalamu alaikum, Barista. Yayana ne yake zaune a Kalifoniya shekara da shekaru. Kunnensa ɗaya ya mutu, ɗayan ma sai da na'ura yake ji. Da suka rabu da matarsa aka shiga shari'ar riƙon yara, ya roƙi alƙali da baki a sa masa allon nan da ake rubuta abin da ake faɗa yana karantawa, aka ce a ci gaba a haka. Ya ce rabin abin da aka yi ranar bai ji ba, kuma aka ba uwar yaran riƙo. Ba shi da kuɗin lauya, shi da kansa ya yi ta shigar da takardu. Ya yi ƙarar alƙalin a kotun tarayya aka kora, ya ɗaukaka aka kora, ya sake shigar da wata a kan kotun kanta. Yanzu lauyan matar ya nemi a sa sunansa a jerin masu ƙarar fitina, wai ba zai ƙara shigar da komai ba sai da izini. Shi kuma ya dage sai ya sake kai su kotun tarayya a kan dokar naƙasassu. Don Allah yana da wannan haƙƙin? Kuma ashe a Amurka ma ana iya rufe wa mai lalura ƙofar kotu?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya kawo wa yayanki sauƙi, Ya saka miki da wannan zumunci.

Abu biyu kike tambaya: ko doka ta ba shi damar jan kotun jiha gaban kotun tarayya saboda an hana shi abin da zai ji shari'arsa da shi, da kuma ko kotu tana da ikon taka wa mutum birki don ya yawaita ƙara. Duka biyun amsarsu "eh" ce, kuma nan wahalar take. Haƙƙin da yake iƙirari gaskiya ne, ba mafarki yake yi ba. Amma in sabuwar ƙarar da yake shirin shigarwa irin na baya ce, za ta bi sawun 'yan'uwanta, kuma lauyan matar zai ɗauke ta ya ajiye a gaban alƙali a matsayin hujja. Abin da ya fi gaggawa a yau shi ne buƙatar da lauyan ya shigar, domin in ta wuce, ko maganar ziyarar yara yake son tayarwa nan gaba sai ya nemi izini.

Inda haƙƙin ya samo asali

Dokar naƙasassu ta Amurka, wadda kowa ke kira ADA, an sa mata hannu ranar 26 ga Yuli, 1990. Babi na biyu na dokar shi ya shafi gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi, kuma kotunan jiha suna ciki. Sai dai akwai tsohuwar katanga. Gyara na 11 a kundin tsarin mulki, yadda kotuna suka fassara shi, ya sa wa jihohi rigar kariya: mutum ba ya jan jiha gaban kotun tarayya ya nemi kuɗi, sai in jihar ta yarda, ko Majalisar ƙasa ta tuɓe mata rigar da ikon da gyara na 14 ya ba ta. A 2001, a shari'ar Garrett, Kotun Ƙoli ta ce ma'aikacin jiha ba zai karɓi diyya daga jihar ba a ƙarƙashin babin dokar da ya shafi aiki. Lauyoyi da yawa suka ɗauka babi na biyu ma haka zai ƙare.

Sai ga shari'ar Tennessee da Lane. George Lane mutum ne da ke tafiya a keken guragu. A 1996 aka kira shi ya amsa tuhuma a kotun gundumar Polk, ɗakin shari'ar yana sama, ginin kuma ba shi da na'urar hawa bene. Zaman farko ya sauka daga kekensa ya ja jiki, matakala bayan matakala, har hawa biyu. Da aka sake kiransa ya ce ba zai ƙara rarrafe ba, kuma bai yarda jami'ai su ɗauke shi ba. Aka kama shi aka tsare, wai ya ƙi bayyana a gaban kotu, alhali yana cikin ginin, a ƙasa. Tare da shi a ƙarar akwai Beverly Jones, mai aikin ɗaukar bayanan zaman kotu, wadda ita ma a keke take, ta yi ta rasa aiki saboda ba ta iya shiga kotunan gundumomi da dama. Ranar 17 ga Mayu, 2004, alƙalai biyar cikin tara suka ce a batun samun damar shiga kotu, Majalisa tana da ikon tuɓe wa jiha rigar kariya. Mai Shari'a John Paul Stevens ne ya rubuta hukuncin. Tun daga ranar, jiha ba ta iya fakewa da gyara na 11 idan ta hana naƙasasshe samun kotu.

Samun kotu kuwa ba shiga gini kawai ba ne. Wanda ya zauna a ɗakin shari'a bai ji abin da shaida ke faɗa a kansa ba, shi ma a ƙasan bene aka bar shi. Ƙa'idojin Ma'aikatar Shari'a ta Amurka sun ce dole hukuma ta tabbatar sadarwarta da kurma ko mai ƙarancin ji ta yi daidai da ta sauran mutane, ta kawo kayan da za su taimaka, kuma ta fara duba abin da shi mai lalurar ya zaɓa, ba abin da ya fi mata sauƙi ba. Ba a cajinsa ko sisi a kan haka. Hukumar da ke da ma'aikata 50 ko fiye dole ta naɗa jami'i mai kula da wannan. Hanyar tsira biyu ce kawai aka bar mata: ta nuna abin zai yi mata nauyin da ya wuce kima, ko zai sauya ainihin aikin da take yi. Allon rubutu a zaman shari'a na yini ɗaya da wuya a ce ya shiga ɗaya daga cikinsu.

Kalifoniya ta ƙara da tata ƙa'idar, mai lamba 1.100 a dokokin kotunan jihar. Ana cike fom ɗin MC-410 a miƙa aƙalla kwana biyar na aikin kotu kafin zama, ko da yake kotu na iya yafe wannan wa'adi. Ƙa'idar ta yarda a roƙa da baki, saboda haka roƙon da yayanki ya yi ba banza ba ne. Idan kotu za ta ƙi, dole ta amsa a rubuce. A 2010, a shari'ar Biscaro da Stern, kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta rushe hukunci saboda kotun ƙasa ta yi shiru ba ta amsa irin wannan buƙata ba. Matsalar roƙon baki ita ce shaida: in ba wanda ya rubuta abin da aka faɗa a zaman, maganarsa ce kawai da ta wasu.

Me ya sa ake ta korar ƙararrakinsa

Mutane da yawa da suka zo wurina da irin wannan damuwa suna ganin alƙalai ne ke rufa wa juna asiri. Ina fahimtar zafin da ke sa mutum ya faɗi haka, amma yawanci korar tana zuwa ne tun kafin kowa ya duba ko an zalunce shi, domin ƙarar ta ci karo da wasu katangu da ke tsaye tun da daɗewa.

Ta farko ita ce rigar kariyar alƙali. A Amurka ba a neman diyya daga alƙali a kan abin da ya yi yana zaune a kujerar shari'a, ko ya yi kuskure, ko ma an zarge shi da mugun nufi. Kotun Ƙoli ta jaddada wannan a shari'ar Stump da Sparkman a 1978, ta sake a Mireles da Waco a 1991. Maganin hukuncin da bai yi daidai ba shi ne ɗaukaka ƙara a kotun da ke sama da shi. Akwai shari'ar da ta yi kama da ta yayanki ƙwarai, ta Duvall da gundumar Kitsap a jihar Washington. Shi ma mai ƙarancin ji ne, shi ma shari'ar rabuwar aure ce, shi ma allon rubutu ya nema, aka ba shi ɗaki mai na'urar ƙara sauti wadda ya ce ba ta yi masa amfani. A 2001 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya ta shiyya ta 9, wadda Kalifoniya ke ƙarƙashinta, ta ce alƙalin yana da kariya, domin ƙin amincewa da buƙatar a tsakiyar shari'a aikin alƙalanci ne. Amma ta bar ƙarar ta ci gaba a kan gundumar da ma'aikatan da ya tuntuɓa tun kafin zaman, tana mai cewa hukumar da aka kai wa irin wannan buƙata dole ta bincika ta gano abin da zai yi wa mutumin amfani. Abin da ya ceci Duvall ke nan: ya yi magana da ofis, ba da alƙali kaɗai ba.

Ki lura da wannan bambanci, domin a kansa ƙarar da ya shigar a kan kotun kanta za ta tsaya ko ta faɗi. A 2021 wannan kotu ta shiyya ta 9 ta saurari ƙarar Bradford Lund, jikan Walt Disney, wanda ya yi ƙarar wani alƙali da babbar kotun Los Angeles a kan maganar da alƙalin ya yi game da lafiyar ƙwaƙwalwarsa a shari'ar dukiyar amana. Kotun ta ce tunda alƙalin yana da kariya, ba za a zagaya a ɗora wa kotun alhakin abin da ya yi ba. Wato in duk abin da ke cikin takardar yayanki shi ne "alƙali ya hana ni", ko sunan wa ya rubuta a sama, abu ɗaya ne. In kuwa ya je ofishin magatakarda ko wurin jami'in ADA ya nema aka yi biris da shi, to wannan magana ce daban.

Katanga ta biyu ita ce kotun tarayya ta matakin farko ba kotun ɗaukaka ƙara ba ce ga kotunan jiha. Lauyoyi suna kiran wannan ƙa'ida da sunan shari'o'i biyu, Rooker ta 1923 da Feldman ta 1983. Da zarar alƙalin tarayya ya ga abin da ake nema a ƙarshen takarda shi ne a soke hukuncin riƙon yara, zai ce ba shi da hurumi. Idan kuma shari'ar jihar ba ta ƙare ba, kotunan tarayya kan janye jiki su bar ta jihar ta gama aikinta, bare a maganar iyali da tun asali suke ɗari-ɗari da ita. A ganina wannan ne abin da ya fi kamata a fahimtar da shi, a hankali kuma da tausayi: abin da zuciyarsa ke nema 'ya'yansa ne, kotun tarayya kuwa ko ya yi nasara ba za ta ba shi su ba.

Ko da ƙara ta tsallake waɗannan, diyya ba ta zuwa da sauƙi. Sai ya nuna hukumar ta san yana buƙatar taimakon, ta kuma yi biris da gangan, sakaci kawai bai isa ba. Babu diyyar ladabtarwa, haka Kotun Ƙoli ta ce a Barnes da Gorman a 2002. A 2022 kuma, a shari'ar Cummings, ta ce ba a biyan diyyar ƙuncin zuciya a ƙarƙashin sashe na 504 na wata dokar naƙasassu ta 1973, kuma kotunan ƙasa da dama sun ɗauki wannan sun ɗora a kan babi na biyu na ADA. Abin da ya rage shi ne asarar da za a iya lissafawa, da umarnin a gyara tsari don gaba.

Jerin masu ƙarar fitina

Dokar tana sashe na 391 zuwa 391.8 na kundin shari'ar farar hula na Kalifoniya. An kafa ta a 1963, aka ƙara ikon sa sharaɗin neman izini a 1990. Galibi mutanen da ke tsaya wa kansu ba lauya ta shafa. Hanyar da aka fi bi a kama mutum ita ce lissafi: cikin shekara bakwai da suka wuce ya shigar da ƙararraki biyar da kansa, waɗanda aka yanke ba a gefensa ba, ko ya bar su shekara biyu ba dalili ba a saurare su ba. Ba a ƙirga na kotun ƙananan basussuka. Amma ana ƙirga na kotun tarayya, ana ƙirga ɗaukaka ƙara a matsayin guda mai zaman kanta, kuma wadda mutum ya janye da kansa ma kotunan jihar sun ce ana lissafa ta a cikin waɗanda ya rasa.

Daga abin da kika lissafa, uku na gani, ta ukun ma ba ki ce an yanke ta ba. Wadda ba a gama ba, ko lokacin ɗaukaka ta bai wuce ba, ba ta shiga lissafi. Wannan abin ƙarfafa gwiwa ne, sai dai kada a saki jiki, domin dokar tana da wasu ƙofofi da ba ruwansu da adadi biyar. Akwai wanda aka yanke masa hukunci na ƙarshe ya yi ta ƙoƙarin sake tayar da magana ɗaya a kan mutum ɗaya. Akwai kuma wanda a cikin shari'a guda yake ta shigar da buƙatu marasa tushe. A shari'ar iyali wannan ta ƙarshe ce lauyoyi suka fi dogara da ita.

Idan kotu ta amince, abu biyu na iya biyo baya. Ana iya cewa ya ajiye kuɗin jingina kafin ƙararsa ta ci gaba, in an nuna ba alamar zai yi nasara. In bai ajiye ba a kore ta. Na biyu shi ne abin da lauyan matar ke nema: ba zai shigar da sabon abu a kotunan jihar da kansa ba sai shugaban alƙalan kotun ya ba da izini, kuma ana ba da izinin ne idan abin yana da tushe, ba don musgunawa ko jan lokaci aka kawo shi ba. Fom ɗin neman izinin shi ne VL-110. Wanda ya karya wannan umarni ana iya hukunta shi da laifin raina kotu. Sunansa kuma zai shiga jerin da majalisar gudanar da kotunan jihar ke wallafawa, kowa na iya gani a intanet. Abin da ya fi ciwo ga uba irin yayanki shi ne a shari'ar iyali dokar ta ɗauki kowace sabuwar buƙata a matsayin sabuwar ƙara, har ta neman ƙarin kwanakin ziyara.

To an rufe ƙofa ke nan? Ba gaba ɗaya ba. Umarnin bai hana lauya shigar masa da ƙara ba. Bai hana shi kare kansa in an yi ƙararsa ba, kuma a 2016, a shari'ar John, Kotun Ƙolin Kalifoniya ta ce wanda aka yi ƙararsa aka ci shi ba ya buƙatar izini kafin ya ɗaukaka. Umarnin kotun jiha bai kai kotun tarayya ba. Saboda irin waɗannan dalilai ne kotun shiyya ta 9 ta ce dokar ba ta saɓa wa tsarin mulki ba, a shari'ar Wolfe da George a 2007. Don haka ƙarar da za ta ce dokar kanta haramtacciya ce, an riga an gwada.

Kotun tarayya ma tana da nata birkin. Tun shari'ar De Long a 1990, alƙalin tarayya a wannan shiyya yana iya sa sharaɗin izini, muddin ya sanar da mutumin ya saurare shi, ya tattara bayanan ƙararrakin, ya nuna a fili cewa marasa tushe ne ko na musgunawa, ya kuma taƙaita umarnin ga abin da ya jawo shi. Wanda ya dawo karo na uku ko na huɗu da labari ɗaya yana iya fita da umarni biyu a wuya, na jiha da na tarayya.

Shari'ar da aka fi ambata inda naƙasa da yawan ƙara suka haɗu ita ce ta Jarek Molski, mai keken guragu da ya shigar da ƙararraki kusan 400 a kan gidajen abinci da wuraren kasuwanci a Kalifoniya. Babin ADA da ya shafi 'yan kasuwa ba ya ba da diyya, gyara kawai yake tilastawa, amma dokar Unruh ta jihar, mai hana nuna wariya a wuraren kasuwanci, tana ba da aƙalla dala 4,000 a kowane karo, shi ya sa irin waɗannan ƙararraki suka yi yawa a can. A 2004 wani alƙalin tarayya ya sa masa sharaɗin izini, kotun shiyya ta 9 ta tabbatar a 2007. Abin da nake so ki riƙe shi ne dalilin. Kotun ta faɗa a fili cewa yawan ƙara shi kaɗai ba laifi ba ne, har ta yarda cewa wataƙila sai da mutane masu naci irin haka dokar za ta yi aiki. Abin da ya kayar da Molski shi ne iƙirarin rauni da aka ga ba gaskiya ba ne ko an zuzuta shi: ƙararraki 13 da ke cewa ya ji ciwo kusan iri ɗaya a wurare daban-daban tsakanin 19 da 23 ga Mayu, 2003.

Ra'ayina a kan dokar jihar kuwa, tana da amfani kuma tana da cutarwa. In an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu: uwar yaran nan ma duk takardar da aka shigar sai ta biya lauya ya amsa, kuma akwai mazan da ke mayar da kotu bulalar dukan tsohuwar mata. Amma hanyar lissafin biyar cikin bakwai faɗuwa take ƙirgawa, ba ta tambayar me ya jawo faɗuwar. Mai lauya da wuya ya shiga jerin komai yawan ƙararsa. Wanda ke shiga shi ne talaka, da baƙo, da mai lalurar da bai ji abin da aka ce ba, ya koma gida ya rubuta abin da ya iya.

Abin da zan so ya yi yanzu

Ya dakata da sabuwar ƙarar. Ba don an ce ba shi da gaskiya ba, sai don shigar da ita ana tsaka da wannan buƙata kamar zuba wa wuta fetur ne. Wadda ke gaban kotu kuma kada ya yi gaggawar janye ta sai ya yi shawara, tunda janyewar ma ana ƙirga ta.

Yana da haƙƙin a saurare shi kafin a yanke. Ya duba ranar zaman da ranar ƙarshe ta miƙa amsa a rubuce, kada ta wuce shi. Tun yanzu ya cike MC-410 don wannan zaman, ya rubuta ƙarara cewa allon rubutu na nan-take yake buƙata, ya faɗi dalilin da na'urar ƙara sauti ba ta wadatar da shi, ya haɗa da takardar gwajin ji daga asibiti. Ya miƙa wa jami'in ADA na kotun, ya riƙe kwafi mai hatimi. In an ƙi, kwana goma ne kacal yake da su ya nemi a sake dubawa, a wurin shugaban alƙalai idan ma'aikaci ne ya ƙi, ko a kotun sama idan alƙali ne. Wannan gajeren wa'adi shi ne ya fi wuce mutane. Ya kuma nemi a kawo mai ɗaukar bayanan zama. Kotunan iyali da yawa a jihar ba sa kawowa da kansu, amma tun hukuncin Jameson da Desta na 2018, wanda aka yafe wa kuɗin kotu yana da damar nema a kawo masa kyauta.

Idan irin wannan ta zo teburina, abin da na fara yi shi ne na sa mutum ya juye duk takardunsa, mu jera su bisa kwanan wata, mu ɗauki farar takarda mu rubuta kowace ƙara a layi ɗaya: wace kotu, wa ya shigar, da lauya ko babu, yaushe aka yanke, an gama ko da saura. Sau da yawa a nan ake ganin lauyan ɗaya ɓangaren ya cusa abin da bai cancanci lissafi ba. Na taɓa zama da wani dattijo mai irin wannan lalura da ya zo da jaka cike da rubuce-rubuce masu zafi a kan alƙali. Ba ko ɗaya da ya yi amfani. Abin da ya yi amfani wata 'yar wasiƙa ce mai layi huɗu da 'yarsa ta rubuta wa ofishin kotu kafin zaman, a kusurwarta akwai hatimin karɓa da kwanan wata, ba a taɓa amsa ta ba. Ki tambayi yayanki ko akwai irin wannan: saƙon imel, takardar da ya ba magatakarda, ko sunan wanda ya yi wa magana a taga.

A amsar da zai rubuta, ya bar zagi da zargin haɗin baki, alƙalai suna karanta su a matsayin shaidar abin da ake tuhumarsa da shi. Ya faɗi abin da ya faru a jere: ranar kaza na nemi kaza, ba a ba ni amsa a rubuce ba, ban ji shaidar da aka bayar ba, duk abin da na shigar bayan nan a kan wannan abu ɗaya ne, kuma yanzu na gane ba can ne wurinsa ba. Alƙali yana da damar ƙin sa umarnin ko da lissafi ya cika, kuma mutumin da ya nuna ya tsaya da kansa ya fi samun sassauci.

Ya nemi lauya ko na wannan zama ɗaya ne. A shari'ar iyali Kalifoniya ta yarda a ɗauki lauya don yanki ɗaya na aiki, wanda ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. Kotunan gundumomi suna da ofishin taimakon masu tsaya wa kansu, akwai ƙungiyoyin lauyoyin agaji, akwai kuma Disability Rights California, hukumar da aka ɗora wa kare haƙƙin naƙasassu a jihar. Lauyan ne zai duba ko lokacin ɗaukaka hukuncin riƙon ya wuce, wanda yawanci kwana 60 ne daga sanarwa, iyakarsa 180. Ko ya wuce, hukuncin riƙon yara ba a rufe shi har abada, ana iya neman a sauya idan hali ya sauya, kuma a wannan karon zai zauna da allo a gabansa.

Ƙorafinsa a kan kotun kuwa yana da hanyar da ba ta shiga lissafin biyar. Yana iya kai kuka ga Ma'aikatar Shari'a ta Amurka cikin kwana 180 daga ranar da abin ya faru, ba kuɗi, ba lauya. Ba kowane ƙorafi suke ɗauka ba, kuma ba za su taɓa hukuncin riƙo ba, amma ba ƙara ce a kotu ba. In daga baya lauya ya ga akwai shaidar cewa ofis ne ya yi biris da buƙatarsa, to sai a shigar da ƙara ɗaya, a kan hukumar da ta dace, ba tare da neman soke hukuncin iyali a ciki ba.

Duk wannan a kan abin da kika rubuto na gina shi, takardun ba su zo hannuna ba, kuma kwanan wata ɗaya na iya sauya shawarar. Dokar Kalifoniya na bi. Teksas tana da mai kama da ita, ita ma biyar cikin shekara bakwai, wasu jihohin kuma tsarinsu daban ne. In har aka sa umarnin, yana iya ɗaukaka shi, kuma sashe na 391.8 ya ba shi damar neman a cire sunansa da fom ɗin VL-120, a gaban kotun da ta sa shi, idan ya nuna al'amura sun sauya sosai kuma adalci na buƙatar haka. Ya shirya wannan buƙata da kyau kafin ya miƙa, domin in aka ƙi ta, sai bayan wata 12 zai iya sake nema.